Manoman Ƙarya da Shinkafar Gwaggo Hajo

Bazarar bana ta zo da ƙarfinta. Shekaranjiya na biyo hanyar Bakura da tsakar rana, gilashin mota a sauke, sai warin lakar da ke bushewa a gindin kanal ya buge ni, wato magudanar da ke kai ruwan dam gonaki. Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san warin, na ruwan da ya janye ya bar gansakuka tana soyuwa a rana. Ban yi niyyar tuna komai ba, amma kafin in iso Mafara na riga na koma shekarar da azumi ya faɗo mana a tsakiyar bazara, shekarar da muka busar da shinkafar Gwaggo Hajo da hannunmu.

Mu uku ne a lokacin. Akwai Yaya Bello, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara, kuma shi ya koya mini rubuta manhajar kwamfuta tun ina makaranta. Akwai Murtala, ɗan kawuna daga Maradun, taubashina, wanda in ya wuni bai tsokane ni ba to ba shi da lafiya. Sai ni, Luba. Shagonmu yana bayan kasuwar Mafara, rufin kwano ne babu silin, da tebur biyu da benci ɗaya da ƙaramin janareta mai shan mai kamar ana zuba shi a rairayi.

Wata ƙungiyar manoman rani ce ta ba mu aiki. Ruwan dam ya yi ƙasa ƙwarai a shekarar, don haka aka koma rabo: wannan reshen kanal yau, wancan jibi, kuma ranakun suna sauyawa kowane mako gwargwadon abin da aka sako. Da can mai shela ne ke bin ƙauyuka a babur yana gaya wa kowa ranarsa. Da man fetur ya yi wuya aka ce a bar wa waya, a riƙa tura wa kowane manomi saƙo ana gobe ruwansa. In ka zo ka buɗe bakin gonarka ka sha. In ba ka zo ba, ruwa ya wuce gaba, sai kuma bayan kwana takwas ko tara.

Gwaggo Hajo ƙanwar babanmu ce, tana aure a wani ƙauye ta wajen Bakura. Mijinta, Malam Ɗanjuma, ya gama dashen shinkafarsa da ƴan kwanaki ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Gonar nan ita ce abincin gidanta na shekara, ita da ƴaƴa biyar. Ƙanin mijin, Baba Isa, shi ya ɗauki nauyin ban ruwa, kuma da yake shi kaɗai ke da waya a gidan, lambarsa aka rubuta a gonarsa, aka rubuta a tata, aka rubuta a ta wani ɗan'uwansu. Gonakin ba a reshe ɗaya suke ba. Tasa tana kusa da gari, tata kuwa can ƙarshen kanal, tafiyar kusan awa ɗaya a ƙasa.

Manhajar sashe uku muka yi ta. Yaya ya riƙe sashen da ke lissafa ranar kowa, ni na riƙe rajistar manoma da gonaki, Murtala ya riƙe tura saƙo. Akwai wata manhaja da ke ɗinke sassan ukun su zama abu guda, mu tela muke ce mata. Kafin tela ta ɗinke, sai ta bi kowane sashe ta gwada shi. Gwajin kuwa mu muke rubuta shi: mu ƙirƙiro manoma na ƙarya, mu ba su suna da gona da lambar waya, mu ce wa sashen, ga mutanenka, nuna abin da za ka yi da su. In ya yi daidai allo ya nuna kore, in ya kuskure ya nuna ja.

Yaya ne ya fara rubuta manoman ƙaryar, su goma sha biyu, a cikin sashensa. Matsalar ita ce tela ba ta barin wani sashe ya leƙa kayan gwajin wani. Akwai hanyar da ake buɗe wannan, Yaya ya sani, amma tana son a sauko da wani abu daga intanet, a kuma ɓata rabin wuni ana gyara, ga ƙungiya tana matsa mana. Sai ya ce mu kawo filashi, ɗan abin nan da ake kwafar bayanai a ciki. Ya kwafa mini, ya kwafa wa Murtala. Daga ranar muka zama muna da manoma goma sha biyu sau uku, kowa da nasa a ɗakinsa.

Ni ce na shiga ƙauyuka rajista, domin ni ke iya shiga cikin gida wajen mata. A nan na ga abin da ba ya cikin manoman Yaya. Nasa kowa da wayarsa, kowa da gona ɗaya, tsaf. A ƙauye kuwa waya ɗaya sai ta riƙe gona uku ko huɗu, ta maigida da ta ƙanne da ta matar da mijinta ya rasu. Da na dawo na ƙara manomi na goma sha uku a kwafina, mai waya ɗaya da gona uku, na gyara rajista har ta karɓe shi, allona ya yi kore.

Ban taɓa na Yaya ba. A gidanmu ba a gyara wa babba aikinsa, ko tabarma ya shimfiɗa a karkace sai dai ka zauna a karkace. Na dai ce masa wata rana, yana tsakiyar fama da janareta, "Yaya, na ƙara wani manomi a nawa." Ya ce, "To," bai ɗago ba. Na ɗauki wannan "to" na ajiye a matsayin na sauke nauyi. Murtala kuwa da gangan na ƙi gaya masa. A makon ya sa mini suna Magatakardan Kanal, yana ta faɗa a gaban mutane, na ce a raina bari ya gano da kansa tunda shi gwani ne. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa samun wanda zan jingina wa shi ba.

Azumi ya kama muna cikin haka. Bayan asuba ba ma komawa barci, domin daga fitowar rana zuwa hantsi ne kawai ƙwaƙwalwa ke aiki. Kafin azahar kwanon rufi ya fara ƙara shi kaɗai, bencin ya yi zafi, kwamfuta ta riƙa huci har sai mun ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta bi ta ƙasa. Wutar lantarki sai a yi kwana huɗu ba a ga ƙyallinta ba. Galan ɗaya na mai muke samu bayan Murtala ya wuni a layi, mu kunna janareta awa biyu mu cika batura mu kashe. Yaya yakan jiƙa rawani ya ɗora a ka, kafin ya gama karanta shafi ɗaya ya bushe. Leɓe ya tsage, yawu ya yi kauri, magana ma sai ta zama dole ake yin ta.

Da la'asar nake barinsu in tafi gida taya Inna. A jiƙa tsamiya, a dama kunu, a markaɗo wake a soya ƙosai, hayaƙin murhu a kan zafin gari. Ƙanƙara sai wanda ya yi sa'a, mu dai randa muke lulluɓewa da jiƙaƙƙen buhu tun safe. In aka kira magariba, kofin farko ba ka jin ɗanɗanonsa, sai na biyu. Kullum da yamma hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta taso ta kwashe shanya, sannan ya watse ba ko ɗigo. Yanzu ofishinmu da sola da fanka, intanet ba ta yankewa sai jefi-jefi, kuma azumi ya matsa baya zuwa lokacin da gari bai gama zafi ba. Abin da ya ci mana rabin wuni a da, yau kafin shayi ya huce an gama shi.

A farkon azumin muka saki manhajar. Sassa uku, kore uku. Murtala ya sa wata dabara a nasa, cewa in lamba ɗaya ta fito sau biyu a jerin mako, a tura sau ɗaya kawai, don kada a dami mutum da maimaici. A wajen manomansa goma sha biyu dabarar ba ta da aibu, tunda babu mai raba waya da wani. Saƙonni suka fara tafiya, shugabannin ƙungiya suka yi ta sa albarka, mu ma muka saki jiki.

Ranar wata Talata, azumi ya kai sha bakwai ko sha takwas, Baba Isa ya shigo kasuwa ya biyo ta shago. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi azumi, muka tambayi Gwaggo da haƙuri, ya zauna a bakin benci ya cire hula yana fifita da ita. Sannan ya zaro waya daga aljihu ya miƙo mini.

Ya ce, "Ɗiyata, tambaya ta kawo ni. Gonar Hajo, hidda ta anka yi daga rabo?"

Na ce, "A'a, Baba. Ni na rubuta ta da hannuna."

"To sau biyu wayar ga tana kuka, duk nawa ne. Nata ko sau ɗaya. Na zaci ruwan ne bai kai ƙarshen kanal ba, ina ta jira. Jiya na taka na tai, na iske maƙwabtanta sun sha har sau biyu."

Yaya ya ce, "Ba su aiko sun hwaɗi ba?"

"Sun ce sun ɗauka barin gonar anka yi saboda rasuwa. Kuma bana ba mai ƙin ƙarin ruwa." Ya mayar da hularsa. "Shinkafar ta yi ciki, Bello. Ƙasa ta tsage, hannuna shina shiga har wuyan hannu."

Duk wanda ya san shinkafa ya san abin da wannan ke nufi. Tana iya jure ƙishi tana ƙarama, amma in ta yi ciki aka hana ta ruwa, zangarniya za ta fito babu komai a ciki. Tun kafin Baba Isa ya rufe baki na san inda ɓarnar take. Dabarar Murtala ce ta ɗauki saƙon gonar Gwaggo a matsayin maimaici. Na buɗe kwafina na juya wa Yaya allon, na nuna masa manomi na goma sha uku.

Ya karanta, ya ce, "Wanga ba shi cikin nawa."

Murtala ya leƙo ya ce, "Ni ma ba shi cikin nawa."

Yaya ya ce, "Mi ya hana ki sa shi?"

Na ce, "Naka ne, Yaya. Kuma na gaya maka."

"Yaushe?"

"Ranar da janareta ya ƙi tashi. Ka ce to."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Luba, na ce to ga abin da ban ji ba, ke kuma kin karɓi to ɗin da kin san ban ji ba." Na jira Murtala ya tsokane ni, ko ya zage ni, bai yi ko ɗaya ba, ya dai tsura wa layukan da ya rubuta ido.

Yaya ya kira mai buɗe ƙofar ruwa na reshen, ya roƙe shi ko na awa biyu ne. Mutumin ya ce, "In na buɗe mata, wa zan rufe ma? Kowa tashi ta yi ciki." Gaskiya ya faɗa. Ranar reshen Gwaggo sai Juma'a, saura kwana uku.

Murtala ya ce gyaran layi biyu ne, bari ya yi yanzu a wuce wurin. Yaya ya ce a'a, in an gyara wannan aka bar manoma kashi uku, gobe wani ne zai faɗa ramin. Ya tura shi da kwamfuta a babur zuwa wajen gari inda intanet ke ɗan kamawa, a cikin ranar nan, ya sauko da abin da tela ke bukata. Ya dawo idanunsa sun yi ja, rigarsa ta manne a baya. Muka ƙona sauran man da muke tattali. Yaya ya buɗe sashe na huɗu wanda ba ya yin komai sai riƙe manoman ƙarya da ƴan kayan da ake gina su da shi. Ya gaya wa tela cewa sassan nan uku duk daga nan za su ɗebi mutanen gwaji, kuma a lokacin gwaji kawai, kada ta ɗinke su cikin abin da za a kai wa ƙungiya. Sannan ya goge kwafinsa, ya sa muka goge namu muna kallon juna.

Ya turo mini kwamfutarsa ya ce, "Sa naki." Wannan ne karo na farko da na yi rubutu a cikin aikin Yaya yana zaune.

Muka saki tela. Nawa kore, na Yaya kore, na Murtala ja nan take. Ya gyara, ya sa a riƙa duba lamba tare da gona, ya sake saki, ya yi kore. Da muka bi jerin gaskiya muka tarar ba Gwaggo kaɗai ba ce, akwai wasu gonakin, sai dai yawancinsu suna kusa da na masu wayar, an gani an shayar. Tata ce can ƙarshe inda ba mai bi. Yaya ya ce daga yau duk wanda ya gamu da wani irin manomi da babu shi a sashe na huɗu, ya sa shi, ba sai ya nemi izinin kowa ba, ko da shi ne ya rubuta na farko.

Kwana ukun nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Na yi ta kallon gabas. Ranar Laraba hadari ya haɗu har da walƙiya, Inna ta ce a shigo da gero, aka yi yayyafin da bai jiƙa ko bayan akuya ba. Ranar Alhamis da hantsi Baba Isa ya kira ya ce saƙo ya shigo, na gonar Hajo. Ya faɗe shi kamar albishir, ni kuwa kunya ta hana ni amsawa da kyau.

Ranar Juma'a da sassafe muka tafi mu uku, bayan an tambayi labarin hanya ko lafiya take. Ban taɓa ganin gonar ba sai ranar, a rajista kawai na san ta. Ganyen ya naɗe ya yi tsinin tsintsiya, bakinsa ya ƙone. Da ruwan ya iso, Yaya da Murtala da Baba Isa suka shiga da fartanya suna buɗe masa hanya, wanduna a naɗe. Ƙasar tana sha tana ƙara, kumfa na fitowa daga tsagogin, fangalin farko kaɗai ya ci kusan rabin lokacinmu kafin ruwa ya tsaya a sama. Mutum huɗu masu azumi muna tsaye muna kallon ƙasa tana sha. Kafin a rufe ƙofa ruwan ya kai ƙarshen gonar, amma da ƙyar.

Daga can na wuce wajen Gwaggo ni kaɗai. Na same ta a ɗaki a kan tabarma, ba kwalli ba ɗan kunne, carbi a hannu. Bayan gaisuwa na gaya mata komai, ban rage ba, har da zancen Murtala da sunan da ya sa mini. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Wato mutane kunka ƙirƙiro, kunka ba su gonaki?"

Na ce, "E, Gwaggo, don gwaji."

"Kowa da wayarshi?"

"E."

"Wane gari ne wanga, Luba?"

Ta ja carbinta kaɗan, sannan ta ce ruwa na Allah ne, kuma abin da ya wuce ya wuce, in tashi in kama hanya kafin rana ta yi tsaka. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba.

Bayan salla da ƴan makonni aka yanke shinkafar. Gefen da ke bakin ruwa ya ɗan yi, sauran zangarniyar ta fito fara, tsaye ƙyam, babu nauyin da zai sunkuyar da ita. Gonar da Baba Isa ya ce takan ba da buhu goma sha biyar, uku aka ɗauko, ƙwayar ma siririya mai karyewa a turmi. Dangi suka haɗa abin da ya samu, Yaya ya kai gero, kawu ya aiko da dawa daga Maradun. Ba su kwana da yunwa ba a shekarar, amma ba su ci shinkafa ba.

Na koma duba ta ana saura kwanaki ta fita takaba. Ta aiki babbar ƴarta ta ɗauko wani tsumma a bayan randa, ta warware shi a gabana. Ƙwayar shinkafa ce cike da tafin hannu, a jiƙe, ta fara wari. Guda biyar ko shida ne suka fito da ɗan farin tsiro.

Ta ce, "Ni ma na yi nawa gwajin. Haka Malam ke yi duk shekara kahin ya ɗebe iri. Kwana huɗu ke nan."

Na ce, "Ko a ƙara mata kwana biyu, Gwaggo?"

"Ba ta yi. Wanga irin tun aurenmu shike ɗebe shi daga gonar nan, bai taɓa saye ba. Daga wajen babanshi ya samo shi." Ta naɗe tsumman ta ajiye a gefe. "Ke ce ke kusa da kasuwa. In kin koma ki sawo man wanda mutane ke shukawa yanzu."

Na yi kuka a motar dawowa, ban damu da masu kallo ba. Ranar Talata na shiga kasuwa na sayo iri tiya huɗu, na kai mata da kaina. Ta karɓa ta sa albarka, ta ce a ajiye a rumbu. Ba ta buɗe buhun ba, ba ta kuma tambaye ni sunan irin ba.